Rijiyar Man Goggo Kande

Wata safiya Goggo Kande mai koko ta ja guga a rijiyarta, sai ga ruwa yana warin fetur. Masu sayen koko suka watse. Katanga ce kawai tsakaninta da gidan man Alhaji Jatau, wanda tankinsa ke binne a ƙasa, sai ta kai ƙara wajen hakimi.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, tankina ba ya yoyo, kuma ba mai tona mini shi. In man nawa ne, ta nuna sunana a jikinsa."

Goggo ta ce, "Alhaji, ka tabbata ba naka ba ne?"

"Ko ɗigo!"

Sai ta rangaɗa guɗa. "Ashe rijiyar mai Allah ya ba ni! Ranka ya daɗe, a sanar da gwamnati, su zo su tashi unguwar duka su haƙa. Ni ɗakina ɗaya, ko'ina aka kai ni na zauna. Alhaji nake tausayi, da sabon gininsa."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Wace rijiyar mai? Tataccen fetur ne fa! Tun bara tankina ke tsiyaya!"

Fada ta kwashe da dariya. Hakimi ya ce, "Da bakinka ka faɗa. A tono tankin, a gwada ruwan kowace rijiya, kai kuma ka shayar da unguwar har a gyara."

Goggo ta gyara mayafi. "Kash! Ni har na fara zaɓen mota."