Kyautar Tsaro, Gida a Buɗe

Akwai wani ɗan wasan hokin ƙanƙara a garinmu, nan arewacin Quebec, mai suna Roland Pelchat. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga wa ƙungiyar garin, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa ganin mutum ya sayi riga mai sunansa ba.

Ɗan gaba ne, amma aikinsa komawa baya. Da zarar abokan hamayya sun ƙwace faifai, wato ɗan baƙin robar da ake bugawa da sanda a maimakon ƙwallo, shi ne na farko da zai juyo a guje a kan ƙanƙara ya tare hanya. Ya manne wa gwaninsu, ya sa masa sanda, in ta kama ya kwanta faifan ya same shi a ƙauri maimakon ya shiga raga.

Irin aikin nan ne da idan an yi shi da kyau, babu abin da ke faruwa. Mutane kuwa ba sa cika fili don su kalli abin da bai faru ba.

Mutum ɗaya ne ke ganin aikin sosai, don a gabansa ake yi. Shi ne Clovis Arsenault, mai tsaron gida, ɗan shekara talatin da bakwai, wanda gwiwoyinsa suka girme shi.

A farkon kakar wasa, manajan ƙungiya ya kira Clovis ofis ya gaya masa magana ba kwana-kwana: idan bana ba a shiga zagayen neman kofi ba, za a nemo sabon gola. A shekarunsa babu ƙungiyar da za ta ɗauke shi. Clovis ya san haka, manajan ma ya sani.

Clovis ya gaya wa Roland ne a kicin ɗin gidansa, suna cin fanken naman da matarsa ta gasa.

"Kai dai ka ci gaba da tsaya mini a gaba, tsoho."

"Wa ye tsoho? Kai da sai an ɗaga ka in ka durƙusa?"

"Shi ya sa nake so ka tare su tun daga nesa, kada in durƙusa."

Roland ya ce, "Ci abincinka. Ina nan."

Kuma yana nan ɗin, har zuwa watan Janairu.

Duk shekara gasarmu tana ba da kyauta ga ɗan gaban da ya fi kowa iya tsaro. 'Yan jarida ne ke jefa ƙuri'a. Wata rana bayan atisaye, Odette Lachance, mai rubuta labarin wasanni a jaridar yankin, ta tare Roland a bakin ƙofa.

"Sunanka na yawo bana, ka sani?"

"Nawa? Wa ya rasa abin rubutawa?"

"Da gaske nake. Amma sau tara kacal ka ci. Yawancin masu ƙuri'ar nan sau biyu suke ganinka a shekara, sauran takarda suke dubawa. Takarda kuma ba ta da layin abin da ka hana. Ka ci ashirin, ka ga aiki."

"Odette, kyautar ta tsaro ce fa."

Ta ce, "Ni ma na iya karatu."

Ba ƙarya ta yi masa ba. Abin da ya ɓata lamarin ke nan.

Roland bai daina komawa baya ba. Da ya daina, da kowa ya gani. Jinkiri kawai ya fara yi, na rabin daƙiƙa, yana jira ko faifan zai faɗo masa ya ruga gaba. Wani lokaci ya faɗo. Ya ci na goma, na sha biyu, na sha biyar. Jama'ar da suka shekara goma suna kiransa "wancan mai lamba ashirin da biyu" suka koyi sunansa cikin mako uku.

Wani lokaci kuma bai faɗo ba, sai mutumin da ya kamata ya tsare ya wuce shi kaɗai zuwa gaban Clovis. Waɗannan ma ana rubuta su a takarda, amma a gefen sunan mai tsaron gida.

Koci ya yi masa magana sau ɗaya. Washegari Roland ya ci biyu, sai kocin ya manta abin da ya faɗa.

A watan Maris, bayan an lallasa su biyar da huɗu, Clovis ya zauna kusa da shi a ɗakin canza kaya, ko hular ƙarfensa bai cire ba.

"Roland, a ina kake zama yanzu? Ba na ganinka a unguwarmu."

"Na ci biyu yau."

"Na gani, madalla. Mutuminka ya ci uku."

"To ka kama mana. Ba aikinka ba ne?"

Wani ya ci gaba da kwance igiyar takalmin da ya riga ya kwance.

Clovis ya ce, "Ka san abin da manaja ya ce."

"Na sani. Shekara goma sha ɗaya ina kwanciya a gaban faifai, Clovis. Haƙorana huɗu na roba ne. Sau ɗaya a rayuwata wani ya lura da ni, shi ne za ka ce in koma in ɓuya?"

"Ni na lura da kai."

"Kai ba ka da ƙuri'a."

Clovis ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa gaskiya, ya tashi ya shiga wanka.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da rana. In sun ci, sun shiga zagayen kofi. In ba su ci ba, shi ke nan. Roland na da sha tara, kuma a zango na biyu ya cike ashirin. Fili ya ɗauki ihu.

Saura minti biyu a tashi, ana uku da uku, faifai ya maƙale a jikin katangar gefe, daura da tsakiyar fili, mutum huɗu na kokawa a kansa. Gwanin abokan hamayya ya fara sulalewa ta bayan Roland. Roland ya gan shi. Ina zaune a layi na shida, na ga ya waiwaya.

Ya riga ya samu ashirin ɗinsa, babu abin da yake nema kuma. Amma wata uku yana koya wa ƙafafunsa jira, sai suka jira.

Faifan ya fita ta ɗaya ɓangaren. Mutumin ya tafi shi kaɗai. Clovis ya fito, ya durƙusa, faifan ya wuce ta saman kafaɗarsa.

Ya daɗe bai tashi ba. Babu wanda ya ji masa ciwo.

An sallami Clovis a watan Afrilu, da takardar godiya mai kyau ƙwarai. A watan Yuni aka ba Roland kyautar. Ya sa kwat, ya yi jawabi a kan sadaukarwa da fifita ƙungiya a kan kai. Jaridu sun ce a ƙarshe an yi adalci, kuma wannan ce shekarar da ya fi kowace iya wasa. Mutum ashirin da ke canza kaya tare da shi suna da wani ra'ayin, amma ba a tambaye su ba.

Bayan mako biyu ya ɗauki kyautar a mota ya tafi wurin Clovis, wanda ya kama aiki a kamfanin katako na surukinsa. Ya same shi a harabar kamfanin yana jera alluna. Ban san abin da Roland ya yi tsammani ba. Wataƙila ya shirya magana a hanya.

"Na kawo ka gani," ya ce. "Rabinta taka ce."

Clovis ya cire safar hannu, ya karɓa, ya juya ta. Ya karanta rubutun da ke jiki a hankali, har da shekarar.

"Tana da nauyi. Na taya ka murna, tsoho."

"Clovis, ni dai..."

"A'a, da gaske nake. Ka cancanta, sau goma ma. Shekara goma kana cancanta ba su ba ka ba." Ya miƙa masa ita. "Bana ce kawai ban gane ba. Wa ka tsare?"

Roland ya tsaya riƙe da kyautar. Wani ya kira Clovis daga ciki, ya mayar da safarsa ya tafi.

Darasi: Masu raba lambar yabo daga nesa suke kallo, amma wanda ya dogara da kai yana tsaye a bayanka, kuma shi ke ɗaukar nauyin duk rabin daƙiƙar da ka yi jinkiri. Kada ka saki aikin don neman shaidar cewa ka iya aikin. Ku tura wa wanda ya fara gajiya da yin alherin da ba a gani, kafin wani ya gaya masa yadda ake samun ƙuri'a.