Sifikar da Kawu Ya Karkatar

Akwai wani mai haɗa kayan sauti a motoci da kowa ke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa zama a ajin injiniyoyi ba. Shagonsa babba ne mai ƙofar gilashi, sifikoki jere a bango, akwatunan da aka yo a kamfani a tare har rufi. Ka kawo mota da safe, kafin rana ta yi tsaka ka tafi tana gurnani.

Amma ba a nan ya fara ba. A wata rumfar kwano ya tashi, a hannun ƙanin mahaifiyarsa, gwanin faiba. A zamanin Kawu babu akwatin kamfani. In kana son sifika a ƙofar mota ko a but, sai an ƙera mata mazauni daidai da jikin motarka. Kawu zai shimfiɗa zaren faiba, ya shafe shi da ruwan gam, ya jira ya bushe, ya ƙara wani. Aiki ɗaya sai ya ci kwana biyar. Warin gam ya kama rigunansu, ƙaiƙayin zare ya hana su sakat, amma direbobi kan cika bencin rumfar suna hira da dariya, ba mai gaggawar tashi.

Da Injiniya ya buɗe sabon shago, ya taho da Kawu. Ba a yi shekara ba ya fara jin kunyarsa. Warin gam yana korar masu manyan motoci, ga jinkiri. Wata rana ya ce masa cikin ladabin da ba ladabi ba, ya kamata ya koma gida ya huta, zamani ya canja. Kawu ya tattara buroshinsa da almakashi a tsohuwar jaka, ya sa masa albarka, ya tafi.

Shekara huɗu suka wuce, sai gaisuwar waya, ita ma jefi-jefi.

Ran nan wata malamar asibiti ta shigo da tsohuwar mota, fentinta ya koɗe amma a goge tas. Ta ce ta mahaifinta ce, tsohon direban doguwar tafiya. Idonsa ya tafi, jikinsa ya yi rauni, ranar Litinin za a yi masa babban aiki, likitoci kuma ba su ɓoye mata cewa da haɗari ba. Abu ɗaya ya roƙa: a zaga da shi a motarsa, a sa masa kaset ɗin da marigayiya matarsa ta ɗaukar masa da muryarta tun yana tuƙi, tana ba shi labarin gida don kada barci ya ɗauke shi a hanya. Sai dai mazaunin sifikar ƙofar fasinja ya tsage, murya na fita da ƙarar kwano.

Injiniya ya leƙa, ya yi dariya. Mazaunin a karkace yake, sifikar na kallon sama ta gefe. Ya ce wanda ya yi wannan aikin ko idonsa ɗaya ne. Ya yi mata alkawarin gobe.

Akwatin kamfani ko ɗaya bai zauna a ƙofar ba. Sai ya ce ai faiba ba baƙuwarsa ba ce. Ya ɓalle tsohon mazaunin ya jefar, ya dama gam, ya zuba maganin bushewa ninki uku don ya gama da wuri, ya lafta zare mai kauri a tashi ɗaya. Kafin ya wanke hannu abin ya ɗau zafi, ya fara hayaƙi, ya tsage gida biyu. Ledar ƙofar ta ƙone ta tattare. Ita kuwa ƙofar irin wannan mota an daina kawo kayanta tun tuni.

Ya zauna a kan taya yana kallon ɓarnar. Ranar Laraba ce. Ya ɗauko tsohon mazaunin daga kwandon shara don ya ga yadda aka yi shi, sai ya ga bakinsa an naɗe shi ciki an goge sumul, yadda mutum ɗaya kaɗai ya sani yana yi. Aikin Kawu ne.

Ya sami Kawu a tsakar gida yana ɗaure ƙafar kujera. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya miƙa masa fasasshen mazaunin. Kawu ya juya shi a hannu, ya yi murmushi.

"Motar Dogo ce. Yana raye?"

Injiniya ya ba shi labarin duka, har da dariyar da ya yi. Kawu ya ce kunnen Dogo na wajen taga iska ta kashe shi tun da daɗewa, shi ya sa ya karkatar da sifikar ƙofar fasinja ta nufi kunnen da ke ji. Sannan ya tambaya:

"Yanzu wa zai tuƙa?"

"'Yarsa."

"To ka ga kujera ta canja. Ko da ka kwaikwayi nawa daidai, da muryar ta wuce ta gabansa. Ɗauko min jakata."

Kwana huɗu suka yi a kai. Kawu ya sa aka kawo tsohon direban ya zauna a kujerar fasinja. Da ya ji muryar Kawu sai ya lalubo hannunsa ya riƙe, suka shiga tsokanar juna kan wanda ya fi tsufa, suna lissafa abokan bencin rumfa, wane ya rasu, wane ya koma wajen 'ya'yansa. Kawu na hira yana auna tsayin kunnensa da igiya.

Suka rufe ƙofar da salatif, suka shafa kaki don kada gam ya kama. Kawu ya yanka zoben katako, ya kafa shi da 'yan sanduna yana fuskantar inda ya auna, ya ja tsohuwar riga mai talewa a kai har ta yi santsi. Hannunsa yanzu yana rawa, don haka Injiniya ne ke shafa gam, shi yana ƙirga ɗigon maganin bushewa. Shimfiɗa ɗaya siririya, a jira. Wata, a jira. Duk sanda Injiniya ya kai yatsa zai taɓa, sai Kawu ya buge hannun kamar yadda yake yi masa da, ya ce faiba ba ta san Litinin ba.

A zaman jiran nan ne Injiniya ya ce, kansa a ƙasa, "Kawu, ban kyauta maka ba."

"Na sani," in ji Kawu. "Miƙo samfefa."

Suka cike ramuka da fila, suka goge, suka lulluɓe mazaunin da sabuwar leda har ya rufe inda ya ƙone. Ranar Lahadi da hantsi malamar ta kawo mahaifinta. Ta tura kaset. Muryar mace ta fito tar, tana cewa ya rage gudu, yara lafiya, ƙaramar ta fara tafiya yau. Ƙaramar nan ita ce zaune a kan sitiyari. Tsohon ya jingina kansa, hawaye na bin kumatunsa, ya ce kamar tana zaune a kafaɗarsa. Suka ja motar a hankali suka fita.

An yi wa tsohon aikin a asibiti, ya tashi. Ya ƙara wata bakwai a duniya, kuma kusan kowane ƙarshen mako sai 'yarsa ta zaga da shi.

Injiniya ya roƙi Kawu ya dawo shago. Kawu ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ba zai iya kullum ba, amma zai riƙa zuwa sau biyu a mako da sharaɗi ɗaya: kada a ƙara taɓa motar mutum sai an zauna an tambaye shi wa zai saurara, kuma a ina zai zauna. Shekara biyu ya yi yana zuwa kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yau in Injiniya ya gama wani mazauni, yakan ɗaga shi ya juya gefe don ya nuna wa Kawu, sai ya tuna ba ya nan.

Darasi: Kada ka raina aikin wanda ya riga ka don kawai ba ka gane dalilinsa ba, kuma kada sauri ya sa ka manta da mutumin da kake yi wa aikin. In wanda ya koya maka sana'a yana raye, je ka gaishe shi tun kana da dama. Tura wannan labari ga wanda kake ganin zai amfana da shi.