Gara da Azarar Gidan Tunau

Ga ta nan, ga ta nanku, masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, mun wartsake.

A wani ɗan gari akwai tsohon gida na tubali, mai zankwaye kamar kunnen zomo. Baƙi daga nesa suke zuwa kallonsa. Kakan Tunau ne ya gina shi, ya rufe shi da azarar giginya, baƙa wuluk, wadda gara ba ta iya ci. Sai gida ya faɗo hannun Tunau, mutumin da in ka yabi hularsa zai ba ka rigarsa.

Ita kuwa Gara tun zamanin kakan tana ƙarƙashin gidan, haƙora sun dakushe, ciki fayau. Sai ta fito ta ce wa Tunau, "Ranka ya daɗe, babban mutum kamarka a ƙarƙashin wannan baƙin icce? Ai farin katako ake yayi."

Tunau ya ce, "Dama abin yana raina."

Ƙarya yake yi, bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufin ba.

Sai aka cire azarar zaure, aka sa katako. Gara ta ce, "Madalla, saura soro." Sai aka cire ta soro. Ta ce, "Haba, a bar turaka cikin ƙauyanci?" Sai aka cire ta turaka. Maƙwabta suka kwashe azarar da aka zubar, suna yi masa godiya har ƙasa.

Tunau yana jin ƙus-ƙus a sama, sai ya ce, "Gara, me kike yi?"

Ta ce, "Duba maka aiki nake yi."

Daɗi ya kashe shi, ya sami mai kula da gida.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko zaure ya zauna, rim. Soro ya bi shi. Turaka ta ce ba za a bar ta a baya ba. Tunau ya tsira da hularsa.

Gara ta fito tana nishi, da ƙyar take tafiya. Ta ce, "Kakanka marowaci ne, ko loma bai bar mana ba. Kai kuwa Allah ya saka maka."

Tunau ya ruga ya fake a zauren maƙwabci. Ya ɗaga kai, karo na farko a rayuwarsa, sai ga azarar kakansa, ko ɗigo ba ya sauka. Nan ya fashe da kuka.

To, wanda ya zo ba ku shawara kan gidanku, ku fara tambayar abin da yake ci.

Kurunkus, kan gara mai ƙiba.