Sabulu a Lagireton Motar Baba

Akwai wani mai gyaran lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin mota, da kowa ke kira Auta, domin shi ne ƙarami a gidansu. Mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar koriyar mota mai dogon hanci, wadda ta girmi Autan kansa. Tun yana ƙarami shi ke miƙa wa Baba sifana idan an buɗe ta, a jikinta kuma ya koyi sana'a. Bai taɓa tunanin za ta kwana a wani wuri ba ƙofarsa ba.

Amma ko makoki ba a tashi ba, yayansa ya jefa makullin a aljihu.

"Kai ka san hanjinta, ni na san kujerarta," in ji Yaya a gaban baƙi. "Wa zai ba mai baƙin farce irin wannan mota? Ai sai ka ɓata mata sitiyari."

Mutane suka yi dariya. Auta ya riƙe maganar a zuciya. Duk ranar da motar ta wuce ta gaban rumfarsa, Yaya sai ya danna hon, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

Ana nan, lagireton motar ya fara yoyo. Na tagulla ne, irin wanda aka daina ƙerawa, Yaya ya zaga kasuwa bai samu madadinsa ba. Ga shi masu sha'awar tsofaffin motoci za su yi taro a wani gari bayan tsauni, ya riga ya cika baki cewa tasa ce za ta ƙwace kallo. Dole ta kawo shi rumfar ƙaninsa.

"Kai, mai baƙin farce, duba min wannan. Kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa."

"To, Yaya. An gama."

Auta ya kwance lagireton, ya nutsa shi a baho, ya hura iska, ya ga inda kumfa ke fita. Tsaga ce siririya a ƙasa. Ga dalma a gefensa, ga wuta, aikin da ba zai kai shi azahar ba. Ya daɗe yana kallon tsagar. Sai ya ture dalmar, ya ɗauko sabulun wanki ya cusa a ciki, ya bi da baƙin fenti har sai da lagireton ya yi ƙyalli kamar sabo.

Dabarar Baba ce. Idan yoyo ya kama shi a hanya yakan goga sabulu, yana cewa, "Sabulu na kai ka gida ne kawai, ba gyara ba ne."

Auta ya san a cikin gari sabulun zai riƙe. A hawan tsauni ne, idan ruwa ya tafasa, zai narke. Ya riga ya hango Yaya tsaye a rana cikin fararen kaya, tururi na tashi, abokansa na wucewa suna ɗaga masa hannu. Ya ce a ransa, rama cuta ga macuci ibada ce.

Abu ɗaya ne bai lissafa ba. Shi da Baba, da sun ga allurar zafi ta hau, tsayawa suke. Yaya kuwa, ranar tafiyar, da ya ga tururi a hawan tsaunin, sai ya ƙara taka mai, don kada a gan shi a gefen titi.

Da yamma aka janyo motar da igiya zuwa gidan mahaifiyarsu. Auta ya zo yana ɓoye murmushi. Ya ɗaga murfin, murmushin ya gudu. Injin ya buga, kansa ya tsage, mai da ruwa sun cakuɗe. Ya san ba inda za a sami wani.

Yaya ya wurga masa makullin a ƙasa. "Ba ita kake so ba? Ga ta nan. Ka kwashe tarkacenka."

Mama ta fito a hankali, ta tsaya gaban motar. Ta kai yatsa ƙasan lagireton, ta shafo wani farin abu mai santsi, ta kai hanci. Shekara da shekaru ita ke yanka wa mijinta sabulun da yake ajiyewa a mota. Ta dubi Auta.

"Aƙalla Babanku, gida sabulun yake kai shi," ta ce, ta juya ciki.

Motar tana ƙofar rumfar Auta har yau, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Makullin yana aljihunsa.

Darasi: Idan za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Girman kan Yaya ya raba shi da mota, amma hannun da ya fi kowa sonta ne ya kashe ta. Ku tura wa duk wanda kuka san yana dafa ramuwa a zuciyarsa, ko ya sauke tukunyar kafin ta ƙona shi.