Shaidar Alhaji Barau

An yi wata Tabawa, shugabar ƙungiyar matan ƙetaren rafi, da ta je neman tallafin gina gada.

Jami'in gidauniya, Alhaji Barau, ya ce, "Sai na shiga garinku da motata na shaida kuna da bukata."

"Ranka ya daɗe, ai mota ba ta haye rafin nan."

"To ku yi gada tukuna, in zo."

Tabawa ta tafa hannu. "Madalla! Amma matan nan ba za su yarda da bakina ba. Rubuta mini dalilin rashin zuwanka."

Ya rubuta, "Babu gada, mota ba ta shiga." Ya buga hatimi.

Ta maƙala takardar jikin fom ɗinta, ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Alhaji ya shaida da hannunsa! Ina zan sa nawa?"