Manomin da Ya Saki Igiyar Gwangwani

Akwai wani manomi wanda gonar geronsa ta yi iyaka da gidan wani ɗan dambe. Ya san yaron tun yana yawo ba wando, sai ga shi yau duk dandalin da ya shiga, da sa yake fitowa, wani lokaci da babur. Abin ya tsaya wa manomi a maƙogwaro.

Ya ce wa matarsa, "Ni ina sunkuye tun ruwan fari, bayana ya zama baka. Shi kuwa naushi ɗaya, sai sa. Akwai lauje cikin naɗi."

Ta ce, "Maigida, ai kai ma kana da haƙarƙari. Je ka a nausa, mu ci nama."



Da gero ya fara ido, tsuntsaye suka soma shawagi. Manomi ya kafa rumfa mai tsayi a bakin gona, ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, don in ya girgiza, ƙarar ta kore su. Geron nan shi ne tuwon gidansa har wata kaka.

Ranar da ya hau, sai ya ga ashe rumfar ta fi katangar maƙwabci tsayi. Ya ce a ransa, leƙe ɗaya ba zunubi ba ne. Ya ga makaɗa da maroƙa zaune a inuwa, ana fiɗar rago. Ya ga 'yan rakiya suna gwada sababbin takalma. Da kwanaki suka tafi, ya ga wani tsoho mai jakar fata yana shiga ɗaki kowace safiya, a rufe ƙofa. Manomi ya ce, "Yauwa! Boka ne. Na san ba banza ba."

Amma gwangwanayen nan sun hana shi jin abin da ake faɗa. Saboda haka ya saki igiya, ya juya wa gona baya, ya kasa kunne. Haka ya yi ta yi, kullum yana komawa gida da labari. Matarsa ta ce, "To, gero fa?" Ya ce, "Gero yana nan, ba ya gudu."

Wata safiya ɗan damben ya zagayo, ya tsaya a gindin rumfa. Hannunsa na dama ɗaure yake da kara da tsumma.

Ya ce, "Baba, sannu da tsaro. Na ji gwangwaninka ya yi shiru kwana biyu, na ce ko ba lafiya. Ni kake tsaro ko geron?"

Manomi ya yi tari, ya ce, "Wane ne tsohon nan mai jaka?"

"Mai ɗori ne, Baba. Karo na uku ke nan hannun yana karyewa. Ya ce in ya sake, sai dai in koyi cin tuwo da hagu. Hannun nan shi ne gonata, daminata kuwa gajeruwa ce."

"To, waɗancan masu cin ragon fa?"

Ɗan dambe ya yi dariya. "Tsuntsayena ke nan. Su da kalangu suke zuwa, kuma ban iya korarsu ba. Amma Baba, juya ka ga naka."

Manomi ya juya. Zangarniyoyi tsaye tsirara, tsuntsaye sun ƙoshi har tashi yana yi musu wuya. Ya cafki igiya ya girgiza da dukan ƙarfinsa. Gwangwanaye suka yi ƙara sosai, a kan gonar da ba sauran abin tsaro.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Gonar ita ce abin da Ubangiji ya danƙa a hannunka: gidanka, sana'arka, 'ya'yanka. Igiyar kuwa addu'a ce da aikin yini. Ko ladan ɗan wasa ya wuce guminsa, ban sani ba, don ban taɓa karɓar naushinsa ba. Ragunan da yake yanka wa maroƙa, shi zai amsa a gaban Mai Gona, kuma ba a shiga wurin da makaɗi. Amma kai da ka haddace albashin kowane ɗan ƙwallo na ƙasar waje, ba ka san ajin da ɗanka yake ba, wa ke riƙe da igiyarka? Mai kunne ya ji, amma ba ta kan katanga ba.