Tsagin Karan Bushiya

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da tabarma a ka."

"Ta zo ta shimfiɗa mu ji ta, Kaka!"

A wani gari mai kasuwar Laraba, akwai wata Bushiya mai saƙar tabarma. Hannunta na da kyau, amma ba ta da jari. Raƙumi ne ke kawo mata kaba bashi daga arewa. In ta saƙa ta sayar ta biya shi, sai ya sauke mata wani damin. Da haka take ci take sha.

A garin nan kuma Gizo yake da matarsa Ƙoƙi. Gizo dai kun san shi. Yana son kaya mai kyau, amma fitar da wuri daga aljihunsa kamar cire masa haƙori ne.

Ran nan ya je wurin Kwaɗo mai ginin tukwane, ya ce, "Malam Kwaɗo, randa nake so mai cin ƙwarya goma." Suka yi ciniki a kan wuri ɗari biyu. Kwaɗo ya kwaɓa yumɓu, ya gina, ya gasa. Ran karɓa sai ga Gizo ɗauke da masaki, ƙatuwar ƙwaryar nan ta zuba tuwon biki. Ya ɗebo ruwa ya zuba sau huɗu, randa ta cika.

"Huɗu! Goma muka yi da kai!"

"Haba Gizo, da wannan ƙaton za ka auna?"

"Ni da ita nake awo a gidana."

Ya jefa masa wuri ɗari, ya saɓa randa, ya yi gaba.

Daga nan ya je wurin Kurege mai tufkar igiya, ya ce yana son igiyar guga gaba goma, ita ma wuri ɗari biyu. Kurege ya tufka har tafin hannunsa ya yi kanta. Ran karɓa Gizo ya zo da abokiyarsa Mikiya, ya ce ta buɗe fukafukanta a auna. Igiya ta tsaya a gaba biyar. Kurege ya yi magana har ya gaji, ɗari ɗin nan dai ita ya samu.

Na uku sai kan Bushiya. Tabarma mai taku shida, wuri ɗari huɗu. Da ta gama ta shimfiɗa masa, Gizo ya ja da baya, ya tattare riga, ya yi tsalle uku, sai ga shi a ƙarshen tabarma.

"Taku uku, Bushiya! Ki ji tsoron Allah!"

"Wannan ai tsalle ne, ba taku ba!"

"Tafiyata ke nan tun ina rarrafe."

Ya ba ta ɗari biyu, ya naɗe tabarma.

Bushiya ta kai ƙara wurin Kunkuru, Sarkin Kasuwa. Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Wa ya shaida cinikin? Da takun wa kuka ce za a auna?" Ba shaida, ba awo, sai ta koma gida.

Ran Laraba Raƙumi ya iso, kuɗinsa ba su cika ba. Ya ce, "Bushiya, ni ma kabar nan ta mutane ce. Na ba ki Laraba biyu. In ba ki cika ba, zan riƙa saukewa a wata rumfar." Wallahi yara, ranar Bushiya ta yi kuka, ta dunƙule wuri ɗaya kamar yadda take yi. Ba kaba, ba saƙa. Ba saƙa kuwa, sai yunwa.

"Kaka, ta soke shi da ƙayarta mana!"

Ke Hansai, da saurin fushi kamar kakanki. Sukar za ta biya Raƙumi? Saurara.

Washegari tana tsaga karan dawa za ta hura wuta, sai ta mayar da tsagin biyu ta haɗa, suka zauna daram, gaɓa a kan gaɓa. Ta ɗauko tsagin wani karan ta gwada, ya ƙi. Ta gwada wani, ya ƙi. Ta gwada na uku, shi ma ya ƙi. Sai ta fashe da dariya ita kaɗai, ta bar girkin ta nufi gidan Kunkuru, ta biya ta kira Kwaɗo da Kurege.

Nan suka yanke shawara. Daga yau duk wanda zai ba da aiki, a yi awo da kara a gaban Sarkin Kasuwa, a tsaga shi biyu, mai aiki ya riƙe ɗaya, mai kaya ya riƙe ɗaya. Rabin kuɗi kuma ya zauna a hannun Kunkuru. Ran karɓa, wanda tsaginsa ya haɗu da na mai aiki, shi ke da kaya.

Ana haka sai Ƙoƙi ta haihu. Suna ya faɗo ran Laraba ta biyun nan, dangin Ƙoƙi kuwa ba su da iyaka, tsohuwar tabarma ko rabinsu ba za ta ɗauka ba. Sai ga Gizo a ƙofar Bushiya yana washe baki.

"Sarauniyar masaƙa! Babbar tabarma nake so, wadda surukaina za su gani su san 'yarsu tana gidan arziki."

"To, mu je wurin Sarkin Kasuwa."

Aka yanko kara. Tabarma za ta yi tsawonsa sau huɗu, kuɗi wuri ɗari takwas. Kunkuru ya tsaga karan, ya miƙa wa kowa nasa, ya ce Gizo ya ajiye ɗari huɗu. Gizo ya ƙirga yana ɓata fuska, amma a ransa dariya yake, yana cewa, "Kara? Gonakin garin nan duk kara ne!" Yana shiga gida ya wurga tsaginsa gefen murhu.

Bushiya kuwa ta kwance ragowar kabarta duka, ta duƙufa. In wannan cinikin ya ɓaci, ba ta da ko tsinke.

Ran suna da sassafe Gizo ya shiga gona, ya zaɓi karan da ya fi kowane tsawo, ya tsaga, ya nufi kasuwa. Tabarma na shimfiɗe, mutane sun kewaye ta suna yabawa, Raƙumi na tsaye gefe yana tuƙa. Gizo ya ɗora karansa ya auna da ƙarfi don kowa ya ji.

"Ɗaya! Biyu! Uku! Jama'a ku gani, uku ne! Ta saba yin haka!"

Bushiya ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro nata tsagin ta ce, "Kawo mu haɗa."

Aka haɗa, gaɓoɓi suka ƙi zama, na Gizo ya zarce da kamu biyu.

Gizo ya ce, "A juye kuka sa shi."

Aka juya, ya ƙi.

"Nata ne ya motse, ta bar shi a rana."

Kwaɗo ya yayyafa masa ruwa, ya ƙi.

"To nawa ne ya ƙara tsawo. A ɗakin mai jego na ajiye shi, kun san akwai albarka."

Kasuwa ta ɗauki dariya, har Raƙumi sai da ya furzar da abin da yake tuƙa. Kunkuru ya ce, "Gizo, tabarma ta mai tsagi ce. Je ka kawo na gaskiya."

Gizo ya zuba a guje. "Ƙoƙi! Ina karan da na ajiye a murhu?"

Ƙoƙi ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ai da shi aka hura wutar tuwon suna."

Ya waiga, tsakar gida cike da baƙi a tsaitsaye. Uwar Ƙoƙi ta dafa ƙugu ta ce, "Ɗan nan, a ina za mu zauna? Ko a kan turmi?" Gizo bai tsaya ba. Ya faɗa ɗaki, ya tone tukunyar kuɗin da ya binne ƙarƙashin gado, ya koma kasuwa yana haki.

Kunkuru ya ce, "Tunda ba ka da tsagi, kai sabon mai saye ne, kuɗi hannu. Ajiyarka kuma tana da masu ita." Ya ba Bushiya ɗari biyunta na tsohuwar tabarma, Kwaɗo ɗari, Kurege ɗari. Gizo ya zauna a ƙasa ya ƙirga ɗari takwas cif, yana ƙirgawa yana hawaye. Ko wuri ɗaya ba a zalunce shi ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Nan take Bushiya ta cika wa Raƙumi kuɗinsa. Raƙumi ya durƙusa ya sauke mata dami biyu, ta rangaɗa guɗa. Daga nan su duka suka ɗauki tabarma a ka suka raka Gizo gida, suka shimfiɗa, suka zauna a kanta tare da surukansa, suka cinye ragon suna tas. Da za su tafi Kurege ya ce, "Gizo, naman nan fa bai kai yadda muka yi da kai ba!"

To yara, in za ku yi wa mutum aiki, ku daidaita awo da kuɗi a gaban shaida tun kafin ku sa hannu. In kuma ku aka yi wa aikin, ku biya mai gumi haƙƙinsa ba tare da ja ba, don wanda ya danne, wata rana zai biya gaba ɗaya a gaban jama'a.

Ƙungurus kan kusu, na naɗe tabarmata. Ke Hansai, ladan tatsuniya goro ɗaya ne, kuma ban yarda da bashi ba.